Lafiya Uwar Jiki: Ɓari Da Gudan Jini

A wannan wata za mu yi magana a kan wata cuta da ta daɗe tana ɓoye a gidajenmu, ana ɗora laifinta a kan kishiya, ko maye, ko iska.

Sunanta antifosfolifid. Wani likita a birnin Landan, Graham Hughes, shi ya bayyana ta a 1983. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa kan mai ita, sai jini ya riƙa daskarewa cikin jijiya. In gudan ya tsaya a ƙafa, sai ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi da ciwo, mu kuwa mu ce sanyi ne. In ya kai huhu, numfashi ya sarƙe. In ya kai ƙwaƙwalwa, sai a ga matashi da shanyewar ɓarin jiki. Ga mai ciki kuma, mahaifa yake toshewa, abinci ya daina isa ga ɗan tayi.

Likitoci kan zarge ta idan mace ta yi ɓari 3 a jere kafin mako 10, ko ciki ya mutu bayan mako 10 ba tare da dalili ba, ko jini ya hau ƙwarai aka haihu kafin mako 34. Ana tabbatarwa da awon jini sau 2, da tazarar aƙalla mako 12, domin zazzaɓi ma kan sa awon farko ya nuna alamar da za ta gushe daga baya.

To, a nan gizo ke saƙa. Da yawa cikin likitocin da muke zuwa wurinsu ba sa jin Hausa. Matanmu kuma kunya kan hana su lissafa ɓarin da suka yi a gaban tafinta, balle in ƙanen miji ne. Yau wannan asibiti, gobe wancan, kati ya ɓace. Kowane likita guntun labari yake ji, alhali sai an haɗa labarin duka cutar ke bayyana.

Don haka muna kira ga magidanta: a rubuta kowane ɓari da watanninsa, a adana katuna wuri ɗaya, a nemi mace amintacciya ta yi tafinta, a kuma koma awo na biyu ko da an ji sauƙi.

Cutar tana da magani. Da ƙaramin asfirin da allurar hefarin, mafi yawan masu ita suna haihuwa lafiya. Amma kada kowa ya saya wa kansa a kyamis, domin maganin tsinka jini irin warfarin yana cutar da ɗan tayi. Likita ne zai zaɓa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wata mai zuwa.