Laushin Kunama Ba Gwaninta Ba Ne

A shagunan bindigogi na Amurka akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare. Mutum zai sayi ƙaramar bindiga fistol wadda zai riƙa ɓoyewa a ƙugunsa, tun bai harba harsashi ɗari da ita ba, sai ya fara neman yadda zai canza mata kunama. Kamfanoni irin su Apex Tactical da Timney da ZEV suna sayar da kayan da ake musanya na asali da su, farashinsu kan haura dala 100, kuma tallansu ba ya wuce alkawari ɗaya: kunama za ta yi laushi, tafiyarta ta gajarta, harbi ya yi daidai. Masu saye suna kiran wannan inganta bindiga. Ga bindigar da ake yawo da ita cikin jama'a, sunan da ya dace da shi shi ne rage tazarar da ke tsakanin firgita da kisa, kuma waɗanda za su biya kuɗin kuskuren ba a shawarce su ba.

Sai an san yadda irin waɗannan bindigogi suke aiki kafin a gane girman lamarin. Glock 17, wadda rundunar sojin Ostiriya ta karɓa a farkon shekarun 1980, ita ce ta yaɗa salon bindiga marar maɓallin kariya da ake turawa da babban yatsa. Ƙanwarta Glock 19 ta fito a 1988, daga baya aka sami ƙanana irin su Glock 43 a 2015 da SIG P365 a 2018. A cikin Glock duk kariyar tana rataye ne a jikin kunama. Akwai ɗan harshe a tsakiyarta da ke hana ta motsi sai yatsa ya danna shi, akwai ƙarfen da ke tare allurar da ke bugun harsashi, akwai kuma abin da ke hana allurar kuɓucewa idan bindiga ta faɗi ƙasa. Jan kunama shi ne ke kawar da ukun ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin ya sa jan ya buƙaci ƙarfin kimanin laba 5.5, wato kilo 2.5. Nauyin nan da tsawon tafiyar kunamar su ne suka maye gurbin maɓallin da aka cire. Duk wanda ya rage su, kariyar bindigar ya rage, ko da kuwa takardar talla ta kira abin da wani suna.

Masu goyon bayan canjin suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Ƙaramar bindiga cike da harsashi ba ta kai kilo ɗaya ba. Idan yatsa zai ja kilo 2.5 a jikin abin da bai kai kilo ɗaya ba, bakin bindiga kan kauce, harsashi ya tafi inda ba a nufa ba. Suna kuma kafa hujja da 'yan sandan birnin New York, waɗanda suka yi shekaru kusan talatin suna riƙe bindigogi masu kunama ta laba 12, kimanin kilo 5.4, har rundunar ta sanar a 2021 cewa sababbin ɗauka za su karɓi masu laba 5, domin sun fi samun abin da suka saita. Wannan gaskiya ne. Sai dai a lura da inda rundunar ta tsaya: ta sauko ne zuwa kusan nauyin da masana'anta ke fitar da bindiga da shi. Kayan da ake tallatawa kuwa suna gangarawa ƙasa da haka, wasu zuwa laba 3.5 ko ƙasa, inda 'yan gasar harbi suke. Hujjar New York ta nuna cewa nauyi mai yawa yana ɓata saiti, ba ta nuna cewa kowane ragi alheri ne ba.

Hujja ta biyu ita ce wadda aka fi maimaitawa: wai kariya ta gaskiya tana cikin kan mutum, wanda ya kiyaye ƙa'idar cire yatsa daga kunama har sai ya yanke shawarar harbi ba abin da zai same shi. Ƙa'idar tana cikin dokoki huɗu da Jeff Cooper ya yaɗa, kuma ƙa'ida ce mai kyau. Matsalar ita ce jikin ɗan Adam ba ya bin umarni a kowane lokaci. Roger Enoka, masanin aikin jijiya da tsoka a Jami'ar Kolorado, ya bayyana hanyoyi uku da hannu ke damƙewa ba da nufin mai shi ba: idan mutum ya razana, idan ya yi tuntuɓe yana neman faɗuwa, da kuma idan ɗaya hannun ya yi aiki da ƙarfi sai wannan ya bi shi. Dukkansu abubuwa ne da ke faruwa a lokacin da ake zaro bindigar kare kai, cikin duhu, cikin kokawa, zuciya na dukan uku-uku. Yatsan da ya kamata ya kwanta a gefen bindiga yakan zame ciki mai shi bai sani ba. A wannan ƙiftawar ido, abin da ya rage shi ne nauyin kunama da tsawon tafiyarta.

An gwada wannan da rayukan mutane. Ofishin sharif na gundumar Los Angeles ya sauya daga Beretta 92, mai maɓallin kariya da jan farko mai nauyi da tsawo, zuwa Smith & Wesson M&P mai kunama mafi sauƙi. Tashin bindiga ba da niyya ba ya ƙaru daga 12 a 2012 zuwa 30 a 2014, kuma akasarin na 2014 da sabuwar bindigar ne. Binciken da aka fitar a 2015 ya ɗora laifin a kan ƙarancin horo da tsohuwar ɗabi'ar ɗora yatsa a kan kunama. Ma'ana, ɗabi'ar ta daɗe tana nan, tsohuwar bindigar ce ke rufa musu asiri. Waɗannan jami'ai ne da gwamnati ke horarwa, kuma bindigar ta masana'anta ce ba wanda ya taɓa cikinta. Ina ga farar hula da ya kalli bidiyo na minti goma a YouTube ya kwance tasa a kan teburin cin abinci?

Nauyin kunama shi kaɗai ba ya ceto, kuma mutuwar Akai Gurley ta tabbatar da haka. A watan Nuwamba na 2014 ɗan sanda Peter Liang ya shiga wata matakala mai duhu a wani gidan gwamnati a Brooklyn da Glock 19 a hannu. Bindigar ta tashi, harsashin ya bugi bango ya dawo ya kashe Gurley, mai shekara 28, wanda bai yi laifin komai ba. Kunamar ta haura laba 11. A shari'ar 2016 an ba masu taimaka wa alƙali bindigar suka ja kunamar da yatsunsu, suka same shi da laifin kisa ba da gangan ba, daga baya alƙali ya sassauta zuwa kisa ta hanyar sakaci. Darasin fuska biyu gare shi. Idan laba 11 ba ta tare yatsan mai firgita ba, laba 3.5 ba ta da abin cewa. Sannan kotu tana duba kunama. Massad Ayoob, tsohon malamin harbi da ya daɗe yana ba da shaida a kotuna, ya yi shekaru yana gargaɗin cewa kunama mai laushi tana ba lauyan gwamnati damar mayar da harbin kare kai ya zama sakaci.

Bayan yatsa akwai injin kansa. Sassan cikin bindiga an auna su ne su yi aiki tare. Idan aka gajarta tafiyar kunama fiye da kima, ƙarfen da ke tare allura na iya zama a buɗe tun ba a taɓa komai ba, bindiga ta tashi idan ta faɗi. Idan aka sa sifirin marar ƙarfi, allura na iya bugun harsashi ya ƙi tashi, a ranar da mai ita ya dogara da ita. Ko masana'anta ba ta tsira daga irin wannan ba. A 2017, shekarar da sojin Amurka suka zaɓi SIG P320, gwaje-gwaje suka nuna tana iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa, kamfanin ya buɗe shirin gyara wanda ya haɗa da rage nauyin ƙarfen kunamar kanta. Idan injiniyoyi masu ɗakunan gwaji sun yi wannan tuntuɓe, wane tabbaci ke ga wanda ya haɗa kunamar wannan kamfani da sifirin na wancan?

Babu kuma hukumar da ke tsaye a tsakani. Majalisar dokokin Amurka ta hana hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasa taɓa bindiga da harsashi tun a shekarun 1970, ga shi kuwa tana da iko a kan kayan wasan yara. Jihohin Kalifoniya da Masacusets suna gwada bindiga ta hanyar yar da ita ƙasa kafin a amince a sayar, amma gwajin na bindigar da ta fito daga masana'anta ne, ba ya bin ta gida. A halin da ake ciki, hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 a shari'ar Bruen ya faɗaɗa 'yancin fita da bindiga, kuma zuwa 2024 jihohi 29 ba sa neman lasisi kafin mutum ya ɓoye ta a jikinsa. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, 549 daga cikinsu bisa kuskure. Adadin ƙarami ne idan aka kwatanta, amma shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin kaucewa.

Ɗan gasa da ke harbin takarda a fili mai shinge, alƙalin wasa na tsaye a bayansa, ya sa kunamar da ya ga dama. Bindigar da za ta shiga kasuwa da gidan abinci da motar da yara ke ciki, a bar ta yadda aka ƙera ta, kuɗin kayan canjin a sayi harsashin atisaye da shi, a biya malami. Kamfanonin da ke sayar da kayan su wallafa sakamakon gwajin faɗuwa na kowace bindiga da suka ce kayansu sun dace da ita, su kuma rubuta ɓaro-ɓaro wanda aka yi don gasa kaɗai. Saiti abu ne da hannu ke koya da maimaici. Wanda ya nemi sayensa a cikin leda, garin neman gira zai iya rasa ido, kuma sau da yawa idon na maƙwabci ne.