Idan Zuciya Ta Tsaya, Wa Ke Kusa?

'Yan'uwa, yawancinmu muna tune da Samuel Okwaraji, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas ran 12 ga Agusta 1989, bai sake tashi ba. Haka Chineme Martins ya faɗi a Lafiya cikin Maris 2020. Amma Christian Eriksen na ƙasar Denmak, da zuciyarsa ta tsaya a 2021, ya rayu har ya koma ƙwallo, domin nan take aka danna masa ƙirji, aka ɗora masa na'urar farfaɗo da zuciya.

Na'urar nan ba ta fi ƙaramar jaka ba, da batir take aiki. Ana manna wa mutum faifai biyu a ƙirji, ita ce za ta auna bugun zuciya, ta faɗa da murya ko a ba shi wutar lantarki ko kada a ba shi. Ba sai likita ba.

To, mu a Ƙaraye da Rogo fa? Masana sun ce kowane minti da ya wuce ba taimako, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Kafin a samo mota, balle a kai Kano, aikin gama ya gama. Mu kuwa me muke yi? Mu yayyafa ruwa, mu shaƙa masa albasa, wani ya ce iska ce, mata su fasa kuka. Addu'a wajibi ce, amma ba ta hana hannu aiki.

Wasu dattawa za su ce na'urar da tsada, ga rufin majami'a yana yoyo. Gaskiyarsu. Faifan ma suna da wa'adi, sai an riƙa sakewa. Shi ya sa muke ganin a fara da abin da ba ya cin kuɗi: a gayyato ma'aikacin jinya ya koya wa matasa danna tsakiyar ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti. Zumuntar mata ma su koya, gama mun san namiji zai yi nauyin taɓa ƙirjin matar wani, ita kuwa tana mutuwa.

In ikilisiyoyin gunduma suka haɗa baiko suka sayi ɗaya, kada a kulle ta a gidan fasto. A ajiye ta kusa da kasuwa ko tasha, maƙwabtanmu Musulmi su san inda take, su ma a koya musu.