LAFIYA UWAR JIKI: Ba Kowane Ciwo Ne Ke Son Allura Ba

Sanin kowa ne cewa a kemis-kemis na Nyanya da Kubwa da Gwagwalada, mutum kan shigo da mura ya ce shi dai a yi masa allura. In aka ba shi ƙwaya, sai ya ga an raina ciwonsa. Mai kemis kuwa, da yake neman ciniki yake yi, sai ya tsira masa, ya haɗa masa da kafso biyu ko uku na kashe ƙwayoyin cuta.

To, mura dai bairos ne ke kawo ta, kuma irin waɗannan magunguna ba su yi masa komai, bakteriya kaɗai suke kashewa. Abin da shansu barkatai ke haifarwa shi ne, raunanan ƙwayoyin da ke jiki su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har su bazu ga iyali da maƙwabta. Ran da ciwo na gaske ya zo, kamar taifot ko ciwon huhu, sai a sha maganin ya zama kamar an sha ruwa. Shi kansa Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya a 2019 saboda bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Ita ma allurar tana da nata haɗari. A Masar, alluran da aka yi wa jama'a na maganin tsargiya daga wajen 1950 zuwa 1980, da sirinjin da ba a tsabtace sosai ba, su suka yaɗa ciwon hanta ga miliyoyin mutane.

Hukumar NCDC da ke Abuja ta fito da tsarin ƙasa na yaƙi da wannan matsala a 2017. Madalla da shi, amma takarda ba ta tsaron kanta. Doka ta hana sayar da waɗannan magunguna sai da rubutun likita, duk da haka ana tallarsu a faranti a tashoshin mota. Ya kamata hukuma ta fara daga nan. Su kuma likitoci su daure su riƙa yi wa majinyaci bayanin dalilin hana shi allura, ko da layi ya yi tsawo.