Wadda Aka Ba Amanar Littafi, Me Ya Hana A Ba Ta Kujera?

Daga cikin mas'alolin da ba a cika tayarwa ba a majalisunmu na Zongo, inda hirar tsadar hatsi da labarin tsaro suka cinye bakin kowa, akwai halin da matan da ke aiki a ɗakunan karatu na jami'o'i suke ciki. Ga shi kuwa maganar ta shafe mu kai tsaye, domin jikokin fataken goron da suka kafa Zangwatin, unguwar da aka rushe a 2003, yau su ne suke sammako zuwa unguwar Zogona neman ilmi a Jami'ar Joseph Ki-Zerbo, wadda aka buɗe a 1974, kuma ba wanda zai fito da digiri bai bi ta hannun mai kula da littattafai ba.

Wanda bai san aikin ba yana zaton zama ne da gadi. Alhali kowane littafi da ya shigo, sai an rubuta sunan mawallafinsa da shekarar bugunsa, an tantance fannin da ya dace da shi, an liƙa masa lamba a gadon baya, an shigar da shi kwamfuta, kana a ajiye shi inda za a same shi ko bayan shekara ashirin. Idan aka kuskure lamba guda, littafin yana cikin ɗaki amma hukuncinsa hukuncin ɓatacce ne. Wannan aiki mai cin ido da haƙuri, galibi mata ake bar wa shi. Amma ranar da za a zaɓi wanda zai tafi ƙaro ilmi, ko a makarantar horar da ma'aikatan littattafai ta Dakar ko a wani taro na ƙetare, ko kuwa ranar da kujerar shugaban sashe ta faɗi, sai ka ji an rage murya ana cewa, "To, idan ta haihu, wa zai riƙe ofis?" Baƙo ma yakan shigo ya tarar da mace wadda ta san mazaunin kowane kundi, ya gaishe ta sama-sama ya ce, "Ina mai wurin yake?"

Wannan illa ba a ƙasarmu ta fara ba. Melvil Dewey, Ba'amurken da ya ƙago tsarin jera littattafai da lambobi a 1876, shi ne ya buɗe makarantar koyon wannan sana'a a Kwalejin Kolombiya ta birnin New York a 1887, kuma 17 daga cikin ɗalibansa 20 na farko mata ne. Sai dai bai ɓoye ra'ayinsa ba cewa mace za ta yi aikin a kan ladan da bai kai na namiji ba. Haka sana'ar ta tashi, mata a ƙasa suna da yawa, maza a sama suna sa hannu, har ya zama babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka bai sami shugaba mace ba sai a 2016, da aka naɗa Carla Hayden.

Mu kuwa Musulmi, hujjarmu ta girme wannan nesa ba kusa ba. Lokacin da aka tattara Alƙur'ani mai girma cikin takardu a zamanin Sayyidina Abubakar, bayan wafatinsa da na Sayyidina Umar, a hannun Uwar Muminai Hafsa, Allah ya ƙara mata yarda, aka ajiye su, kuma daga wurinta Sayyidina Usman ya aro su aka kwafi mus'hafin da aka aika garuruwa. A ƙasar Hausa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa, a cikin Nurul Albabi, da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. 'Yarsa Nana Asma'u kuma ta yi wallafa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa mata malamai da ake kira jaji masu kai karatu ƙauyuka. Idan magabata sun amince wa mace da mafificin littafi, da wane dalili za mu ce ba ta isa ta riƙe makullin ofis da kasafin sayen littattafai ba?

Ta fuskar doka ma babu mafaka. Kundin tsarin mulkin ƙasarmu na 1991 ya haramta bambanci tsakanin namiji da mace wajen ɗaukar aiki da biyan albashi, dokar aiki ta 2008 ta maimaita haka, ta kuma tabbatar wa mace hutun haihuwa na mako 14. Hutun da doka ta mai da shi haƙƙi, zalunci ne a juya shi ya zama laifin da za a hana mutum ci gaba dominsa. Bilhasali, dokar ba ta gaza ba. Abin da ya rage shi ne yadda ake yanke shawara a bayan ƙofa.

Saboda haka ina kira ga hukumomin jami'o'inmu da su rubuta sharuɗɗan ƙarin girma da na tafiya horo, su liƙa su a allon sanarwa inda kowa zai karanta, su sanya mata cikin kwamitin da ke tantancewa, su kuma bayyana kowace shekara adadin maza da mata a kowane mataki na aikin, domin ramin ƙarya ƙurarre ne muddin an kawo lissafi a fili.

Mu ma mutanen unguwa muna da namu kason na alhaki. Magidancin da ya hana matarsa aikin yamma a lokacin jarrabawa, ko uban da ya ce tafiya Dakar ba ta kamaci 'ya mace ba, shi da kansa ya miƙa wa masu danne ta hujjar da suke nema. Ya kai maigida, idan Allah ya ba iyalinka wannan hidima ta ilmi, ka taimake ta da izini da rakiya da kula da yara, ka sani kana da rabo a ladan kowane ɗalibin da ya amfana ta hannunta. Allah ya sa mu zama masu adalci a gida da wurin aiki, amin.