SHARHI: Daga Gwarzo da Kabo zuwa Janguza, yadda jiran shari'a ya zama hukunci

Duk matafiyin da ya taso daga Gwarzo ya bi ta Kabo da Rimin Gado zuwa birnin Kano, sai ya ratsa Janguza, inda Gwamnatin Tarayya ta gina katafaren gidan gyaran hali da aka tsara ya ɗauki mutum 3,000. Ana sa ran ginin zai rage cunkoson Goron Dutse da Kurmawa, tsohon kurkukun da aka gina tun 1910. Sai dai abin da ya cika waɗancan gidajen ba ƙarancin ɗakuna ba ne kawai. A cikin mutum kimanin dubu 80 da ke tsare a gidajen gyaran halin Najeriya, kusan kashi biyu cikin uku babu alƙalin da ya same su da laifi. Jira suke yi.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan jira ba. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ɗora wa majistarori leƙa caji ofis duk wata, su ga waɗanda ke bayan kanta, su ba da belin wanda ya cancanta.

Matsalar tana farawa ne daga kalmar nan "hurumi". A ɗauka an yi rikicin gona a wani ƙauye na Kabo har rai ya salwanta, ko an yi fashi a hanyar Dayi, aka kama samari biyar. Kotun majistare ba ta da ikon sauraron tuhumar kisa ko fashi da makami, amma can ake fara kai su. Majistare zai ba da umarnin a ajiye su, ya ɗage zama har sai shawarar lauyoyin gwamnati ta fito. Daga ranar, mutum da fayil ɗinsa sun raba hanya. Fayil zai bi ta hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai, ya nufi Ma'aikatar Shari'a, inda lauya zai duba ko akwai hujjar da za a shigar da ƙara a Babbar Kotu. Idan ɗan sandan da ya yi bincike ya samu canjin wurin aiki, ko takarda ta kwana a ƙasan wasu takardu, babu wanda albashinsa zai ragu. A cikin samarin biyar, wataƙila biyu wucewa kawai suka zo yi, amma wanda zai tantance hakan bai buɗe fayil ɗin ba tukuna.

Kotun Ƙoli ta amince da ikon majistare na ba da irin wannan umarni a shari'ar Lufadeju da Johnson a 2007. Shekara biyar bayan haka Kotun ECOWAS ta nuna inda abin yake kaiwa: Sikiru Alade, wanda aka tsare a Legas tun 2003, ya shafe shekara tara ba a yi masa shari'a ba, kotun ta ce tsarewar ta saɓa ƙa'ida, a sake shi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta zo ta ƙayyade ajiyar zuwa kwana 14 a karon farko, tare da iyakance sabuntawa, Kano kuma ta yi tata dokar a 2019. Amma wa'adi yana aiki ne idan akwai mai ƙirga kwanaki, ya tashi a kotu ya tuna wa alƙali. Manomin Gwarzo da ba shi da lauya ba shi da wannan mai ƙirga.

Ga kuma nisa. Uwa ko matar wanda aka ajiye a birni sai ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ta ɗauki ƙunshin abinci, domin Naira 1,125 da aka ware wa cikin kowane ɗaurarre a rana, bayan ƙarin da aka yi daga Naira 750 a 2024, kowa ya san abin da za ta saya a kasuwa. Idan damina ta wuce mutum yana ciki, gidan ya rasa amfanin shekara. Beli ma, inda aka bayar, yakan zo da sharaɗin ma'aikacin gwamnati mai babban mataki ko mai takardar mallakar fili, alhali wanda ya san mutumin ciki da bai shi ne mai unguwarsu.

Wannan jira yana lalata hukuncin kansa. Wanda ake tuhuma da satar akuya, ya ga watanni suna tafiya, yakan gwammace ya amsa laifi ko da bai aikata ba, tunda ɗaurin wata shida yana da ranar ƙarewa, ɗage zama kuwa ba shi da ita. In an ba shi zaɓin tara, sai aljihu ya yanke sauran hukuncin. A Nuwamba 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 bayan an biya musu tarar da ta kai Naira miliyan 585. An yaba, kuma ya cancanci yabo, amma lissafin ya tona asiri: abin da ya riƙe kowannensu, a matsakaici, bai kai Naira dubu 150 ba.

Ƙasa takan farga ne kawai idan kyamara ta shiga. Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, yaran da aka kama a Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa suka yanke jiki suka faɗi a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, bayan kusan wata uku a tsare. Cikin 'yan kwanaki Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin sakin su. Masu jira daga ƙauyukan Kano ta yamma ba su da wannan gatan, sai dai ranar da Babbar Alƙaliyar Jiha, Mai Shari'a Dije Abdu Aboki, ta kai ziyarar rage cunkoso, ko gwamna ya yi afuwar Sallah.

Gwamnatin Kano ba za ta iya tura laifin duka zuwa Abuja ba. Ma'aikatar da ke ba da shawara tata ce, kotunan majistare da na shari'ar Musulunci na jiha ne, kuma tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023 jihohi suna da ikon kafa nasu gidajen gyaran hali. Dokar 2019 da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna ta tanadi hukuncin aikin gayya ga al'umma a madadin ɗauri, ta kuma bai wa hukumar damar ƙin karɓar sababbin mutane idan gida ya cika.

Gwarzo da Kabo suna da ɗan Majalisar Wakilai guda, kowacce kuma tana da nata a Majalisar Dokokin Jiha. Kowanne daga cikinsu yana iya rubuta wa Kwamishinan Shari'a ya nemi jerin mutanen mazaɓarsa da ke jiran shawara, da ranar da aka kama kowane ɗaya, da teburin da fayil ɗinsa yake a yau.