Inbatarka Tana Gaya Maka Ciwonta, Kai Kuma Kana Toshe Mata Baki



Kwanakin baya wani maƙwabcina a nan Daura ya kira ni bayan isha'i, wai in zo in gani, inbatarsa ta haukace. Na tarar tana ta ƙara, jar fitila a kunne, allonta na nuna 04. Na ce, "Alhaji, yaushe ta fara nuna wannan lambar?" Ya ce ai ta kai wata uku, amma in ya kashe ya sake kunnawa sai ta ci gaba da aiki. Wato wata uku na'urar tana gaya masa batir ya yi ƙasa, shi kuma yana tilasta mata ta tatse ɗan abin da ya rage. Da muka auna washegari, batir ɗaya cikin biyun ya riga ya mutu. Kuma ba a son haɗa sabo da tsoho, don haka biyu zai saya.

Ra'ayina shi ne: yawancin asarar da muke yi a harkar sola ba laifin kayan ba ne. Rashin karanta lambar nan ne da take fitowa a allo. Laifin kuma na raba shi biyu, rabi namu masu gida, rabi na masu haɗa mana.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, janareta ya zama sai mai hali. Sannan ga duhun da Arewa ta shiga a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka samu matsala muka yi kwana da kwanaki babu wutar KEDCO. Daga nan kowa ya ruga sola. Yau ka zaga Daura, Sandamu, Mai'adua, Zango har Baure, za ka ga faranti a kan rufin gidaje da shaguna. An sayi kaya na dubban ɗaruruwa, wani ma sai da ya sayar da dabba, amma littafin bayanin da ya zo a kwali yara sun yi wasa da shi tun ranar farko.

To me lambobin suke nufi? Kowane kamfani da nasa tsarin, don haka littafin inbatarka shi ne alƙali. Amma da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mana daga Sabon Garin Kano tsari ɗaya suke bi, irin na kamfanin Voltronic na ƙasar Taiwan, suna kawai aka canza a jiki. A irinsu, in jar fitila tana ƙiftawa gargaɗi ne, aiki bai tsaya ba. In ta tsaya cak a kunne, na'urar ta kashe kanta don kare kanta.

01 da 02 su ne namu na 'yan Daura. 01 fanka ce ta maƙale, 02 zafi ne ya yi yawa. Ƙurar hunturu tana shiga ta toshe ramukan iska daga Disamba zuwa Fabrairu, sai bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 ta tarar da na'ura a shaƙe. Mu kuma ina muke ajiye ta? A ɗan sito marar taga, ƙarƙashin kwano, wani har ya lulluɓe ta da zani wai kada ta yi ƙura. Wannan kai da kanka za ka gyara: ka kashe ta, ka share ramukan da busasshen buroshi daga waje, ka janye kayan da ke jikinta, ka bar mata sarari. In fankar ba ta juyawa ko bayan haka, a canza ta, ba ta da tsada in aka kwatanta da abin da zai ƙone in an bar ta.

07 kuwa kaya ne suka yi mata yawa. A nan ne ake rigima a gidaje. Maigida ya ce ai inbata mai kVA 3 ya saya, ya za a yi ta kasa? Wasu masu kVA 3 ɗin wat 2,400 kawai suke iya ɗauka. Dutsen guga shi kaɗai yana cin wat 1,000 ko fiye, hitar dafa ruwa ta fi haka. Firiza da injin jan ruwa kuma lokacin tashi suna fizgar wuta ninkin abin da aka rubuta a jikinsu. Uwargida ta jona dutsen guga daidai lokacin da firiza ke tashi, shi kenan sai ƙara. Maganin ba a wajen mai gyara yake ba, a zauna ne a yi magana a gida: guga da jan ruwa a yi su da rana tsaka lokacin da faranti ke ba da wuta, kuma ɗaya bayan ɗaya.

Sai 04, wadda ta ci wa Alhaji kuɗi. Bari in ɗan tsaya a nan, don batir shi ne kaya mafi tsada da ke saurin mutuwa. In kana da batir biyu masu bolt 12 da 200Ah, lissafinsu a takarda wat 4,800 ne na awa ɗaya. Amma batir mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, wato abin da kake da shi da gaske kusan 2,400 ne. Duk daren da ka tatse shi har ƙasa, ka rage masa kwana. Zafi ma yana cinsa: masana batir sun daɗe da sanin cewa ƙarin digiri 10 a kan 25 yana iya raba rayuwarsa biyu. Don haka in 04 tana fitowa kullum kafin asuba, ka tambayi kanka: kayan dare sun yi yawa ne, ko ƙura ta rufe faranti ba ya caji sosai, ko ruwan batir ya ja baya, ko kan batir ya yi tsatsa? Duk waɗannan ido yana gani. Kuma don Allah ruwan batir ake zubawa, ba ruwan rijiya ko na leda ba.

Akwai kuma waɗanda ba naka ba ne. 05 wayoyi ne suka haɗu a wani wuri a gidan. Ka cire komai daga soket, in ta sake nunawa, kira mai wayarin, kada ka yi ta kunnawa, ta nan gobara ke tashi. 03 caji ne ya wuce ƙa'ida, batir zai iya kumbura. 08, 09 da su 51 zuwa 58 yawanci matsala ce a cikin na'urar. Kada ka kwance ta. Akwai wuta mai ɗaruruwan bolt da ke zama a ciki ko bayan an kashe, kuma wayar da ta sauko daga faranti tana da wuta muddin akwai rana.

A Ingila, inda sanyi ya sa gidaje ke amfani da tukunyar gas mai ɗumama ɗaki da ruwa, ita ma lambobi take nunawa in ta samu matsala. Mai gida yana iya duba littafi ya yi ƙananan abubuwa, amma doka ta hana kowa yin sana'ar gyaran gas sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a 2009. Mu a nan duk wanda ya mallaki sukundireba da tsani ya zama injiniyan sola.

Shi ya sa nake cewa rabin laifin na masu haɗawa ne. Wallahi akwai na kirki a cikinsu, na san su. Amma sau nawa aka haɗa maka sola aka zauna minti goma aka yi maka bayanin lambobin nan da Hausa? Wani ma ya fi son kada ka sani, don ka riƙa kiransa kana biyan kuɗin mai a kan abin da buroshi zai gyara. Mafi muni shi ne wanda in ka yi ƙorafin ƙara, sai ya shiga saiti ya kashe ƙarar, ko ya sauke iyakar da batir ke yankewa don wuta ta kai maka asuba. Ka ji daɗi wata biyu, batir ya tafi, shi kuma ya kawo maka sabo da ribarsa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Daura, ga matasa masu neman sana'a. Da za a samu gajeren horo na masu haɗa sola da takardar shaida, da mun san wa za mu kira.

Kafin a kai can, kada ka biya cikon kuɗin aiki sai mai haɗawa ya rubuta maka ma'anar lambobin a takarda da Hausa, ka manna a bango kusa da inbata inda uwargida da yara za su gani, tunda su ne a gida lokacin da take ƙara. In lamba ta fito, ka ɗauki hotonta da waya kafin ka kashe, ka lura da ƙarfe nawa ne da abin da aka jona a lokacin. In littafinka ya ɓata, ka duba sunan samfurin a takardar da ke manne a gefen na'urar ka nema a intanet, yawancinsu suna nan kyauta.

Alhaji dai ya sayi batir biyu, mun fito da inbatar daga sito zuwa zaure, firizar kuma yanzu ƙarfe goma na dare ake kashe ta.