Kunnen gwamnati da sa hannun alƙali

A daren 10 ga Maris 2004, manyan jami'an fadar shugaban Amurka biyu, Alberto Gonzales da Andrew Card, suka shiga wani asibiti a birnin Washington riƙe da takarda. Wanda suka je nema shi ne ministan shari'a John Ashcroft, yana kwance an yi masa tiyata, magana ma da ƙyar take fita. So suke ya sa hannu a sabunta wani shirin sirri na tatsar bayanan jama'a, domin mataimakinsa James Comey, mai riƙon kujerar a lokacin, ya ce atafau wani ɓangaren shirin ya saɓa doka. Comey ya samu labari, ya riga su isa ɗakin. Ashcroft ya ɗago kai daga matashi, ya zayyana musu dalilan ƙin yarda, sannan ya nuna Comey ya ce yanzu shi ke da wuƙa da nama. Sai da Comey da shugaban FBI Robert Mueller suka shirya ajiye aiki kafin Shugaba George Bush ya sassauto.

Ashcroft fa ba mai sanyin hali ba ne. Shi ya tsaya kai da fata aka kafa dokar Patriot bayan harin 11 ga Satumba 2001. Idan irin wannan mutum ya ce an wuce gona da iri, to a saurare shi.

Shirin ya fara a watan Oktoba 2001, lokacin da Bush ya ba hukumar leƙen asiri ta NSA umarnin sauraron wayoyi da karanta saƙonnin da ke shiga Amurka ko fita daga cikinta, ba tare da an je gaban alƙali ba. Jama'a ba su sani ba sai a Disamba 2005 da jaridar New York Times ta fallasa, ita ma bayan ta danne labarin kimanin shekara guda saboda roƙon fadar shugaban ƙasa. A 2006 wani ma'aikacin kamfanin AT&T, Mark Klein, ya bayyana wani ɗaki mai lamba 641A a ginin kamfanin da ke San Francisco, inda aka raba wayar intanet biyu, kwafin duk abin da ya wuce yana zuba cikin na'urorin NSA.

Alhali akwai doka. Tun 1978 Amurka ta kafa dokar FISA da kotu ta musamman mai ba da izinin sauraron duk wanda ake zargi da yi wa wata ƙasa ko ƙungiyar waje aiki. Ba don nishaɗi aka kafa ta ba. Kwamitin Sanata Frank Church ne ya tono a 1975 yadda FBI ta dasa na'urori a ɗakunan otal da Martin Luther King ke sauka, har aka aika masa wasiƙa marar suna da nufin karya masa zuciya. Laifinsa neman haƙƙin baƙar fata, amma da sunan tsaron ƙasa aka bi shi.

Hujjar mutanen Bush ita ce gaggawa: ɗan ta'adda ba ya jiran a cika takarda. Ni kuwa ban taɓa ganin hujjar da ta faɗi warwas irin wannan ba. Dokar a lokacin ta yarda, idan abu ya taso, a fara sauraro nan take, a nemi izini cikin awa 72. Kotun kuma ba mai tsanani ba ce: daga 1979 zuwa 2012 an kai mata buƙata sama da 33,000, guda 11 kacal ta ƙi. Me zai sa a kauce wa alƙalin da kusan kullum amsarsa "na yarda"? Domin alƙali zai tambayi suna da dalili. Wa kuke son saurara, me ya yi? Mai jefa taru a kogi ba ya iya faɗin kifin da yake nema.

Ba na raina barazanar. Mu da muka ga abin da ya faru a tashar Nyanya a Afrilun 2014, da babban masallacin Kano a Nuwamban shekarar, ba za a koya mana zafin bam ba. Uwar da ta binne ɗanta za ta ce a saurari wayar kowa, in dai za a kama masu wannan aika-aika, kuma ba ni da bakin ce mata ba ta da gaskiya. Sauraro yana ceton rai. Saƙon imel da aka kama a 2009 shi ya tona asirin Najibullah Zazi, wanda ya shirya kai hari jiragen ƙarƙashin ƙasa na New York. Amma a lura, adireshin da ake sa wa ido sananne ne, na mutumin da aka riga aka danganta da Alƙa'ida. Wane alƙali ne zai ƙi sa hannu a kan wannan?

Tarun da aka jefa wa kowa shi ne bai kamo komai ba. Bayan Edward Snowden ya fito da takardu a Yunin 2013, aka gane NSA na tara lambobin da kusan kowane Ba'amurke ya kira, da lokaci, da tsawon kiran. Hukumar gwamnati mai sa ido kan 'yancin jama'a ta bincika, ta ce a Janairun 2014 ba ta samu ko da misali ɗaya ba inda wannan shirin ya canza sakamakon binciken wata barazana ga Amurka. Abin da ya sha kayar da hukumomin tsaron Amurka shi ne rashin amfani da abin da ke hannu. CIA ta san Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi, biyu daga maharan 11 ga Satumba, amma labari bai isa FBI a kan lokaci ba, mutanen suna zaune a San Diego da sunayensu na gaskiya. A Nuwamban 2009 Alhaji Umaru Mutallab ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya yi gargaɗi game da ɗansa. Ranar 25 ga Disamba yaron ya hau jirgi zuwa Detroit da bizarsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda aka zalunta ba shi da wajen kai kuka. Mai shari'a Anna Diggs Taylor ta yanke a 2006 cewa shirin sauraron na Bush ya saɓa wa tsarin mulki, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin domin masu ƙara sun kasa tabbatar da cewa su aka saurara. Ta yaya za su tabbatar, tunda sirri ne? Lauyoyin gidauniyar Al-Haramain da ke jihar Oregon su kam sun ga shaida da idonsu, domin gwamnati ta miƙa musu takardar da ke nuna an saurare su cikin kuskure. Aka karɓe ta, aka hana su kafa hujja da ita. Duk da haka suka yi nasara a 2010, a 2012 aka rushe diyyar. Kamfanonin waya kuwa majalisa ta yafe musu a 2008, kuma Sanata Barack Obama na cikin waɗanda suka ɗaga hannu.

Dokar ta 2008 ce ta haifi sashe na 702, wanda ya halatta sauraron duk wanda ba Ba'amurke ba kuma yana wajen ƙasar, babu sammaci a kansa. Wato ni da kai, da duk mai kiran ɗan'uwansa a Bronx. Su kansu Amurkawa ba su tsira ba: kotun FISA ta gano FBI ta leƙa wannan rumbun ba bisa ƙa'ida ba fiye da sau 278,000, har da binciken masu zanga-zangar kisan George Floyd. A Afrilun 2024 aka kawo gyaran da zai tilasta neman sammaci, ƙuri'a ta tashi 212 da 212 a majalisar wakilai, gyaran ya mutu.

A gida, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci sirrin hirar waya ƙarara. Ƙa'idojin hukumar NCC na 2019 sun ce a nemi izinin alƙali, amma cikin gaggawa a fara, a je kotu cikin awa 48. A takarda babu laifi. Sai dai an sa mu layi a rana mun haɗa NIN da layukan waya, ga shi har gobe masu garkuwa da mutane na cinikin kuɗin fansa ta waya hankali kwance. To kunnen wa yake saurare? Ya kamata majalisar tarayya ta tilasta wa hukumomin tsaro su riƙa buga alƙaluma duk shekara: sammaci nawa suka nema, nawa alƙali ya ƙi, sau nawa suka fara babu izini, mutum nawa aka gurfanar daga ciki. Wanda kuma aka saurara aka tarar ba shi da laifi, a sanar da shi idan bincike ya ƙare, domin ya samu damar zuwa kotu.